Agogon mai sabon kamfani a Garwa

A bangon ofishin wani matashi da na sani a Garwa ta arewacin Kamaru akwai wata farar takarda da ya liƙa da salatif, ya rubuta a kanta da Faransanci yadda yake son yininsa ya kasance. Zai tashi ƙarfe 4:30, ya motsa jiki bayan sallar asuba, ya yi karatu na minti 30, sannan ya zauna sa'o'i uku a kan manhajar kamfaninsa ba tare da ya taɓa waya ba. Kamfanin ƙarami ne, na kai wa masu saye kayansu har gida da babura shida, kuma bai cika shekara biyu da kafuwa ba. Ranar da na ziyarce shi, cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe 11 na hantsi, tun daren jiya ba wuta, fanka ta tsaya cik, ɗaya daga cikin yaransa ya bugo waya cewa babur ya mutu masa a hanyar kasuwa da kayan mutane a ɗaure, ga kuma wani kawunsa da ya zo daga ƙauye yana zaune a kan benci yana jiran a gaisa. Na nuna takardar da haɓa, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, layin farko kaɗai nake cikawa."

Ba daga kansa ya ƙago takardar ba. Ta samo asali ne daga tarin bidiyo da rubuce-rubucen da ke yawo a YouTube da Facebook da LinkedIn a kan yadda manyan shugabannin kamfanonin fasaha suke tafiyar da yininsu, waɗanda matasanmu suke karantawa da irin yaƙinin da ake karɓar laƙanin kasuwa. Tim Cook na Apple yakan tashi kafin ƙarfe 4 na asuba ya fara da karanta saƙonnin masu amfani da kayan kamfaninsa. Elon Musk ya shaida wa jaridar New York Times a 2018 cewa yakan yi aikin sa'o'i 120 a mako, a lokacin da har kwana yake yi a masana'antar Tesla saboda tangarɗar ƙera motar Model 3. Jeff Bezos na Amazon kuwa, a wannan shekarar dai, cewa ya yi shi sai ya yi barcin sa'o'i 8, ba ya zama taron farko sai ƙarfe 10, kuma idan ya yanke shawara uku masu kyau a yini, to ya wadatar. Duk wanda ya jera mutanen nan uku a gabansa zai ga kowannensu hanyarsa daban, kuma dukansu sun yi arziki, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkar cewa sirrin yana cikin lokacin tashi daga barci.

Akwai kuma abin da masu yaɗa labaran ba su cika faɗa ba. Bezos ya yi maganarsa ne lokacin da Amazon ta shekara 24 da kafuwa, tana da ma'aikata fiye da rabin miliyan, alhali a shekarunta na farko shi da kansa yake ɗaure kwalaye ya kai su gidan waya. Cook ma ba shi ya kafa Apple ba, a 2011 ya gaji kujerar, ya tarar da kamfani a tsaye da ƙafafunsa. Jadawalin da ake nuna mana na mutumin da ya riga ya haye ne, mai direba da sakatare da wanda zai tace masa masu son ganinsa. Dubban da suka tashi ƙarfe 4 shekara da shekaru kamfaninsu ya rushe kuwa, babu ɗan jaridar da ya taɓa bin su ya tambayi abin da suke karyawa da shi.

Sammako ma dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, har da za a sayar mana da shi a matsayin sabon ilimi. Kafin ƙarfe 5 ladanai sun tashi Garwa da Marwa da Njamena, kuma masu ƙosai da masu shayi sun riga ladanan hura wuta. A hadisi an ruwaito addu'ar Manzon Allah (SAW) ta neman albarka ga al'ummarsa a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito ta, Sakhr al-Gamidi, ɗan kasuwa ne da yake aika hajarsa da sassafe, dukiyarsa kuma ta yawaita. Saboda haka matashin Garwa bai rasa asuba ba. Abin da ke kuɓuce masa shi ne sa'o'in da ke biye da ita, domin daga hantsi zuwa dare agogonsa yana hannun wasu.

Wani Ba'amurke mai zuba jari a sababbin kamfanoni, Paul Graham, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Y Combinator, cibiyar rainon irin waɗannan kamfanoni, ya yi wani rubutu a 2009 da ya raba yinin ma'aikaci gida biyu, kuma rabon yana da amfani a nan. Akwai yinin manaja, wanda ake yankawa sa'a sa'a, kowace sa'a da mutumin da za a gani. Akwai kuma yinin mai ƙira, kamar mai rubuta manhaja, wanda yake buƙatar rabin yini a dunƙule, har ganawa guda a tsakiya takan lalata masa aikin duka. Telan da ke yanka babbar riga ya san wannan tun kafin Graham, domin idan aka tashe shi yana tsakiyar awo sai ya sake daga farko. Matsalar mai sabon kamfani ita ce shi ne manajan kuma shi ne mai ƙirar, sannan shi ne akawu, shi ne mai talla, shi ne mai bin bashi. Da rana manajan ne ke cin nasara, saboda shi ake ƙwanƙwasa wa ƙofa, sai a tura mai ƙirar zuwa dare, ya biya da barcinsa.

Na farko cikin masu riƙe da agogon ita ce wutar lantarki. Jihohin arewa uku na Kamaru, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, suna kan layin wuta nasu ne daban da na kudu, kuma jigon layin shi ne madatsar Lagdo da ke kan Binuwai kudu da Garwa, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan ruwan madatsar ya ja baya a ƙarshen rani, ƙarfinta yakan ragu a daidai lokacin da zafi yake wuce digiri 40, kowane gida yana neman fanka da firji. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gider sun rage raɗaɗin, amma ba su kawar da rabon wuta unguwa unguwa ba. A Cadi lamarin ya fi haka tsanani, domin a faɗin ƙasar kusan mutum ɗaya ne cikin goma yake da lantarki a gidansa. Wanda aikinsa ke cikin kwamfuta a irin wannan wuri bai isa ya ce gobe daga ƙarfe 8 zuwa 11 zai yi kaza ba. Idan wuta ta dawo ƙarfe 1 na dare, to a lokacin ofis ya buɗe, ya tashi ya yi cajin komai, ya aika abin da ya maƙale. Janareta da batir da faifan sola suna sayen lokaci, sai dai kuɗinsu yakan kai albashin ma'aikaci, kuma sabon kamfani yakan zaɓi ɗaya ne a cikin biyun.

Intanet ma haka take, wani lokaci tsada, wani lokaci rauni, wani lokaci kuma hukuma ce ke rufe ta. Daga watan Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019, kusan wata 16, an toshe WhatsApp da Facebook da Twitter a Cadi, kuma ga ɗan kasuwar da shagonsa duka yake cikin WhatsApp wannan daidai yake da a garƙame masa ƙofa. A 2017 an yanke intanet sama da wata uku a jihohin Kamaru biyu masu magana da Ingilishi, har matasan Buya, inda sababbin kamfanonin fasaha suka fi taruwa, suka riƙa tafiya wajen Duwala don kawai su aika wa abokan hulɗarsu aiki. Sai kuma nisa. Yawancin manyan ofisoshi da bankuna da tarukan masu jari suna Yawunde da Duwala, kuma mai tashi daga Garwa ta ƙasa sai ya ci kusan kilomita 280 zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa, ta yadda ganawar minti 40 takan cinye masa kwana huɗu.

Amma a ganina abin da ya fi duk waɗannan cin lokacin shugaban sabon kamfani shi ne yadda amana take aiki a kasuwarmu. Mai sayen albasa a Marwa ko mai shagon atamfa a Kuseri bai san wani abu wai shi kamfani ba, ɗan wane ya sani. Da shi suka yi magana, lambarsa ya ajiye, kuma idan kaya suka makara shi zai kira, ko da ƙarfe 11 na dare ne, ya bar masa saƙon murya mai tsawon minti huɗu wanda rabinsa gaisuwa ce. Idan aka ce masa ya kira wata lamba ta sashen kula da masu saye, sai ya ɗauka an raina shi. A farkon tafiya wannan alheri ne babba, domin da mutuncin gidansu da fuskarsa matashin yake samun masu saye na farko ba tare da ya biya talla ba. Amma kowane mai saye da ya samu ta wannan hanya ya zama wani mai haƙƙi a kan kunnensa. Mutum 30 ana iya ɗaukar su. Idan suka kai 300, waya ba ta sake yin shiru, kuma bunƙasar da yake roƙon Allah ya ba shi ita ce take hana shi barci.

Masu ba da jari su ma suna da nasu agogon. Mafi yawan kuɗin da ake zubawa a sababbin kamfanonin Afirka yana tsayawa ne a Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu da Masar, abin da ke isowa yankinmu kaɗan ne, kuma galibi ta hanyar gasa da tallafi yake zuwa. Gidauniyar Tony Elumelu, misali, tun 2015 take ba waɗanda ta zaɓa dala 5,000 bayan horo. Arthur Zang, ɗan Kamarun da ya ƙirƙiro Cardiopad, na'urar auna bugun zuciya daga nesa, kyaututtukan da ya ci a 2014 da 2016 suna cikin abin da ya fito da sunansa duniya. Cibiyoyi irin su ActivSpaces a kudancin Kamaru da WenakLabs a Njamena suna taimaka wa matasa su shirya wa irin waɗannan damammaki. Sai dai kowace gasa tana da takardun cikawa, da bidiyon gabatarwa, da rahoton da za a rubuta da Faransanci ko Ingilishi, kuma na ga matasan da neman tallafi ya zame musu sana'a ta biyu, har ta danne ta farkon. Idan kuwa mai jarin yana Kaliforniya, ƙarfe 10 na safiyarsa ita ce 6 ko 7 ta yammarmu, wato daidai magariba, lokacin da ake sa ran mai gida ya shigo.

Turawa suna kallon batun nan kamar sikeli mai kwano biyu, aiki a ɗaya, rayuwar mutum ta kansa a ɗaya. A wurinmu akwai kwano na uku, kuma sau da yawa shi ya fi nauyi, wato jama'a. Bikin suna da ɗaurin aure da jana'iza da zaman makoki da dubiya da rakiyar mahajjata ba sa cikin aiki, kuma ba hutu ba ne. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, kuma ba a aika wakili gaisuwar mutuwar surukin yayanka. Jana'iza ba ta ba da sanarwa tun jiya, da safe za a ce bayan azahar, duk abin da aka tsara sai ya koma gefe. Daga ranar da aka ji cewa yaro ya buɗe kamfani, a idon dangi ya zama mai hali, ko da kuwa watansa uku bai ɗauki ko sisi ba. Gwaggo za ta aiko da takardar magani, baffa zai kawo ɗansa a ba shi aiki, abokin makaranta zai zo neman rance har zuwa ƙarshen wata.

Masu koyar da kasuwanci irin na littafi sukan ce wa matasa su koyi cewa a'a. Shawarar tana da sauƙin faɗa a ɗakin taro mai sanyi, amma mai ba da ita bai lissafa cewa wannan jama'ar ita ce inshorar matashin ba. Jarin farko na yawancinsu daga adashin uwa ya fito, ko daga sa da uba ya sayar, ko daga wani ɗan'uwa da ke kasuwanci a Duwala. Ranar da kamfani ya durƙushe, babu asusun gwamnati da zai biya shi kuɗin rashin aiki, gidan nan da ya ƙi zuwa sunansu nan zai koma cin tuwo. Kuma a zaman makoki ne yakan haɗu da Alhajin da zai ba shi kwangilar kai kaya ta farko. Saboda haka lokacin da yake kashewa a zumunci ba asara ba ne tsantsa, wani ɓangarensa biyan bashi ne, wani ɓangaren kuma talla ce da ba a rubuta ta a littafin kamfani. Abin da waɗanda suka daɗe a harkar suke koya shi ne rarrabewa, su san wace gaisuwa ce dole a je yau da ƙafa, wacce za ta jira bayan isha'i, wacce kuma ƙane zai wakilta a biyo da waya. Wannan ilimi ne da ba ya cikin kowane bidiyo, a wurin iyaye mata aka fi samun sa.

Ko mako ma ba shi da ranar hutu tsayayya. Ofisoshin gwamnati da bankuna suna bin makon Faransa, a rufe Asabar da Lahadi. Kasuwa ba ta san Lahadi ba, ranar Juma'a ce take lafawa daga hantsi zuwa bayan masallaci. Ɗaurin aure kuma ya fi yawa a ƙarshen mako. Wanda yake hulɗa da ɓangarorin uku, kowace rana akwai wanda yake a buɗe yana jiran sa. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta sa makon aiki sa'o'i 40, ta Cadi ta sa 39, Faransa ma tun 2017 ta wajabta wa manyan kamfanoni su tsara yadda ma'aikaci zai kashe wayar aiki bayan tashi. Duk waɗannan dokoki ma'aikaci suke karewa daga mai gida, ba a yi wadda za ta kare mai gida daga kansa ba.

Jiki kuwa magayi ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike da ya nuna cewa mai aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya fi na mai aikin sa'o'i 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17, kuma sun ƙiyasta cewa dogon aiki ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016. Wani zai ce ya yarda ya sayar da lafiyar idan za a samu riba, to ribar ma ba ta tabbata ba. John Pencavel na Jami'ar Stanford ya bi diddigin bayanan ma'aikatan masana'antun makamai na Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya gano cewa bayan kusan sa'o'i 50 a mako abin da kowace ƙarin sa'a ke haifarwa yana raguwa, har mai yin sa'o'i 70 bai fi mai yin 56 da wani abin kirki ba. Waɗancan aikin hannu suke yi. Aikin shugaba yanke shawara ne, kuma gajiya ta fi saurin cin hankali a kan damtse. Wani gwaji da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa wanda ya yi sa'o'i 17 zuwa 19 idonsa biyu, saurin fahimtarsa yakan koma kamar na wanda ya ɗan sha barasa, kuma a wannan halin ne matashinmu yake sa hannu a yarjejeniya, ko ya hau babur ya nufi gida.

Ko a ƙasashen da aka fi ɗaukaka wahalar aiki an fara ja da baya. A 2019 Jack Ma na kamfanin Alibaba na ƙasar Sin ya kira tsarin 996, wato daga 9 na safe zuwa 9 na dare kwana shida a mako, da cewa albarka ce ga matasa, amma a watan Agusta na 2021 kotun ƙoli ta Sin ta ce tsarin ya saɓa doka. Arianna Huffington, wadda ta kafa jaridar intanet mai ɗauke da sunanta, a 2007 gajiya ta kayar da ita a ofishinta na gida har ƙashin kuncinta ya karye. A nan ba mu cika kiran abin da sunansa ba. Sai a ce wane hawan jini ya kama shi da ƙuruciyarsa, ko olsa ta dame shi, ko kuma kwanan nan ya zama mai saurin fushi, a sha Paracetamol da shayi mai kauri a koma aiki.

Akwai kuma wanda yake biyan kuɗin wannan jadawali ba tare da an tambaye shi ba. Namijin da ke alfahari da cewa yana aikin sa'o'i 16 a yini yana iya yin haka ne saboda akwai wata a gida da ta ɗauke masa girki da wanki da rainon yara da karɓar baƙinsa, kuma sunanta ba ya cikin masu hannun jari. Yaran sukan yi barci bai dawo ba, idan ya dawo ɗin ma jikinsa ne a tabarma, idonsa na kan waya. Idan mace ce ta kafa kamfanin, lissafin sai ya juye gaba ɗaya, domin ba a sauke mata ko ɗaya daga cikin ayyukan gida saboda ta zama shugaba, ganawar dare ba ta yiwu mata, tafiyar kwana huɗu zuwa Yawunde sai da shawara da izini da neman mai riƙe yara. Waɗanda na ga sun jure a cikinsu, kusan kowacce akwai uwa ko ƙanwa ko 'yar riƙo a bayanta. Addini ya riga ya ba mu harshen da za mu yi wannan magana da shi, kuma ya fi sikelin Turawa dacewa da mu. Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abud Darda ya duƙufa ga ibada har ya yi watsi da iyalinsa, ya gaya masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salman. Idan nafila ba ta zama uzurin tauye iyali ba, da wuya kamfanin kai kaya ya zama.

To ina mafita, tunda ba za a daina ɗauke wuta gobe ba, kuma ba za a daina mutuwa da haihuwa ba? A iya abin da na lura, waɗanda suka samu sauƙi ba jadawalinsu suka gyara ba, kamfanin suka gyara, suka rage yawan abubuwan da ba sa yiwuwa sai da su. Kakanninmu fatake da suka kafa unguwannin Hausawa daga Garwa har Yawunde da Duwala sun san wannan. Mai gida ba ya bin kowane ayari, yana da yaran da ya raina a hannunsa, ya fara aiken su da ƙaramin kaya, ya ga yadda suka dawo da lissafi, ya ƙara musu, har wata rana ya yi musu aure ya ba su jari. A kowane zango kuma akwai mai masauki da ke tsaya masa. Amanar da muka ce tana ɗaure mutum, su sun san yadda ake miƙa ta, domin mai gida yakan kama hannun yaronsa ya kai shi gaban abokin ciniki ya ce wannan ni ne, abin da ya faɗa ni na faɗa. Matashin yau yana da manhaja da takardar digiri daga Ngaundere ko Marwa, amma sau da yawa bai yi wannan gabatarwar ga kowa ba.

Dalilin rashin yin ta ba girman kai ba ne kawai, kuɗi ne. A ƙananan kamfanoni da yawa asusun Orange Money ko MoMo ko Airtel Money da masu saye ke biya a ciki yana kan layin shugaban ne, layin da matarsa take kiran sa a kai, kuma daga cikinsa ake sayen man babura da cefanen gida da gudummawar biki. Wanda aljihunsa da na kamfani suke haɗe ba zai iya miƙa wa kowa wayar ba ko na sa'a guda, ba zai iya ɗaukar akawu ba domin babu littafin da zai nuna masa, kuma ba zai iya gaya wa gwaggo gaskiya cewa kuɗin ba nasa ba ne, tunda shi ma bai san iyakar nasa ba. Raba layi biyu, da yanka wa kai albashi komai ƙanƙantarsa, da ware wani abu sananne a cikinsa don hidimar dangi, aiki ne na yini ɗaya, amma shi ne yake buɗe ƙofar sauran. Daga nan ne za a iya rubuta farashi a manna, yaro ya daina bugo waya a kan kowane ragi na sefa 200. Gaskiya ne wani yaron zai ci amana, wani zai koyi aikin ya tafi ya buɗe nasa da rabin masu sayenka. Fatake ma an yi musu haka, ba su fasa aike ba.

Ba na cewa shekarun farko za su yi sauƙi. Akwai watannin da dole a kwana ana aiki, kamar yadda manomi ba ya neman hutu a lokacin shuka, kuma kamfanin kai kaya a goman ƙarshe na azumi ba shi da dare ba shi da rana. Bambancin shi ne manomi ya san damina tana da ƙarshe.

Na sake bi ta ofishin matashin bayan ruwa ya sauka. Takardar tana nan a bango, gefenta ya naɗe saboda laima. A kan teburin akwai waya ta biyu, ƙarama mai maɓallai, wadda wata ƙanwarsa da ta gama sakandare take amsawa daga safe zuwa la'asar, kuma ya ce ya zagaya da ita shago shago ya gabatar da ita ga manyan masu sayensa. Wasu sun karɓa, har sun fi son ta domin ba ta mantuwa. Muna cikin magana tasa wayar ta yi ƙara, ya duba, ya miƙe tsaye kafin ya amsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, ina wuni." Wani dattijo ne mai shagon hatsi da ya ce shi ba zai yi ciniki da yarinya ba, kuma buhunansa goma suna jiran babur.